Benen Katako a Zongo Lane

Motar da ta ɗauko mu daga Aflawo, bakin iyakar Ghana da Togo, ta sauke mu a tashar Tudu ana kiran sallar la'asar, kuma tun kafin in gama karɓar jakata na ji wata mai sayar da ruwa tana yi wa wani yaro faɗa da Hausa. Ban yi mamaki ba, domin sunan unguwar kansa Hausa ne, kuma mahaifina ya sha gaya mini cewa wanda ya iya Hausa ba ya ɓata a tsakiyar Accra. Shi dai bai taɓa kiran garin da wannan suna ba. Ankara yake cewa, kamar yadda mutanen zango suke faɗa har gobe, abin da ya sa ina ƙarami na daɗe ina zaton a ƙasar Turkiyya aka haife shi. A aljihun rigata akwai hoto ɗaya mara launi wanda gefensa ya cinye: kakana ne a tsaye a barandar wani bene na katako, ya dafa kan yaro ɗan shekara bakwai, a ƙasa kuma huhunan goro jingine da bango. Wannan benen na zo nema.

Kakana fataucin goro ya kai shi Ghana. A zamaninsa an riga an daina bin tsohuwar hanyar Gwanja da jakuna, wadda ta mutu sannu a hankali bayan yaƙin basasar Salaga na 1892; goron ƙasar Asante ta bakin teku yake fita, a loda shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can jirgin ƙasa ya kai shi Kano. Saboda haka duk bafataken da yake son ya yi ƙarfi sai ya sami maigida a Accra, wato mutumin da zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a wajen masu bashi, ya kuma haɗa shi da dillalai. A gidan irin wannan maigida kakana ya zauna fiye da shekara goma, a nan ya yi aure, a nan aka haifi mahaifina. Zaman ya ƙare a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Suka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, kuma babu wanda ya sake komawa a cikinsu. Mahaifina yanzu ƙafa ta hana shi tafiya mai nisa, shi ya sa ya ɗora mini aikin, ya kuma ƙirga mini alamomin gidan kamar mai karanta wasiyya: matakalar katako mai hawa goma sha uku, rijiya a tsakar gida, da wani zoben ƙarfe a jikin bangon zaure inda ake ɗaure ragon layya.

Na sauka a Sabon Zango, wajen wani dattijo ɗan maigidan kakana, wanda shekarunsa suka haura saba'in, nake kuma kiransa Baba. Ya riƙe hoton ya daɗe yana dubawa kafin ya ce, "Wannan babanka ne, ɗana. Ni ne na koya masa iyo a bakin teku, kuma ni aka yi wa bulala saboda haka." Hausarsa irin ta mutanen Ghana ce, wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace a cikin jimla ba, kuma a daren farko sai da na riƙa kasa kunne sosai kafin in gane ko matarsa yake nufi ko ɗansa. Shi ne ya fara ba ni tarihin wurin yadda 'yan zango suke riƙe da shi. Turawan Ingila sun dawo da hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Accra a 1877, kuma 'yan shekaru bayan haka Malam Idrisu Naino, mutumin Katsina, ya sami fili daga hannun sarakunan kabilar Ga ya kafa zangon farko, wanda aka sani da Zangon Malam, inda yau ake kira Zongo Lane. Da wurin ya cika kuma rigingimun shugabanci suka yi yawa, ɗansa Malam Baƙo ya fita bayan gari a farkon ƙarni na 20 ya kafa Sabon Zango. Abin da na ɗauka daga wannan bayani shi ne Hausawa ba a gefen Accra suka fara zama ba, a cikin cibiyarta suka zauna, tun garin bai wuce 'yan unguwannin masunta da kantunan Turawa ba.

Da safe, bayan mun sha koko da ƙosai, Baba ya ce ba za mu tafi Zongo Lane kai tsaye ba, sai na fara ganin irin ginin da nake nema a inda ya rage, don kada in je in tsaya ina tambayar mutane abin da ban san kamanninsa ba. Muka shiga ƙaramar motar haya da suke kira tirotiro zuwa Jamestown. Daga gindin doguwar hasumiyar nan mai ratsin fari da ja, wadda take haska wa jiragen ruwa hanya, ana hango ganuwar James Fort da Ingilishi suka gina a 1673, can gaba kaɗan kuma Ussher Fort wadda mutanen Holan suka fara ginawa a 1649. Dukansu biyu suna cikin gine-ginen bakin tekun Ghana da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979, kuma ko da yake gishirin teku yana cin su, babu mai iya kawo katafila ya ture su. A ƙarƙashin hasumiyar kuwa komai sabo ne: an share rumfunan masunta a 2020, aka gina tashar kamun kifi da tallafin ƙasar Sin, aka buɗe ta a 2024.

Gidajen 'yan kasuwa na da, waɗanda ba su cikin jerin kowa, su ne suka tsayar da ni. Fasalinsu kusan ɗaya ne. Hawan ƙasa na dutse ne ko jan bulo, bangonsa ya kai kamu ɗaya a kauri, da manyan ƙofofi masu baka a sama, domin nan ne kanti da ma'ajiyar kaya. Hawan sama na katako ne, da baranda da ta leƙo kan titi, da tagogi masu ƙyaure biyu waɗanda aka yi wa tsaga-tsaga a karkace yadda iskar teku za ta shiga amma rana da ruwan sama ba za su shiga ba. Wata tsohuwa ta yarda muka hau saman nata. Matakalar tana kuka a ƙarƙashin ƙafa, an tallafe ta da wani gungumen ƙarfe, kwanon rufin ya yi tsatsa har ana ganin sama ta wasu ƙananan huji, amma da na tsaya a tsakiyar ɗakin da tsakar rana sai na ji sanyi kamar an kunna fanka, alhali ko wutar lantarki babu a lokacin. Na shafa katakon tagar, na ji yadda hannayen mutane suka goge shi ya yi santsi a daidai wurin da ake turawa. Wannan gida ya tsallake girgizar ƙasar da ta auka wa Accra a watan Yuni na 1939, wadda ta rusa gidaje masu yawa a wannan yanki, kuma ga shi a tsaye. Abin da tsohuwar take tsoro yanzu shi ne ranar da 'ya'yan 'yan uwanta za su haɗa baki su sayar.

Mun bi ta Brazil Lane muka ga gidan mutanen Tabon, jikokin bayin da suka 'yantu suka dawo daga Brazil a 1836, waɗanda da yawansu Musulmi ne. Shi wannan gida ya yi sa'a, domin bayan ziyarar shugaban Brazil Lula a 2005 an gyara shi, an yi masa fenti, yana karɓar baƙi. Otal ɗin Sea View, wanda ake lissafawa cikin mafi daɗewa a ƙasar, bai yi wannan sa'ar ba. Baba ya nuna mini inda yake da sandarsa, muka wuce. Tsohon kantin Kingsway kuwa kango ne ba rufi, matasa sun cika bangonsa da zane-zane, yara suna buga ƙwallo a inda a da ake sayar da yadi da sabulun Ingila.

Daga nan muka miƙe High Street da ƙafa, kuma a wannan titi ne na fara lura da cewa Baba ba ya kwatance da abin da ido yake gani. Zai ce, "Mu tsallaka ta gaban tsohuwar majalisa," ni kuma in duba in ga shinge kawai. A wannan gini majalisar dokokin ƙasar ta zauna lokacin da aka sami 'yancin kai, daura da filin da Kwame Nkrumah ya tsaya a daren 6 ga Maris, 1957 ya shelanta cewa Ghana ta 'yantu. Gobara ta ci ginin a Disamba na 2013, ya zauna a ƙone wasu shekaru, aka ƙarasa rushe shi a 2017. Haka ya yi mini da otal ɗin Ambassador, wanda aka gina lokacin bikin 'yancin kai, yanzu kuma otal ɗin Mövenpick ne a wurin. Haka ya yi da filin sukuwa, inda otal ɗin Kempinski yake tsaye. A bakinsa duk waɗannan wurare suna nan, kuma direbobin tirotiro ma da tsofaffin sunayen suke kiran tashoshi, ta yadda yaro ɗan shekara ashirin zai iya gaya maka inda za ka sauka da sunan ginin da bai taɓa gani ba.

Inda muryarsa ta canza shi ne Rawlings Park. Fili ne na ajiye motoci, kewaye da masu talla da 'yan mata masu dakon kaya a manyan kwanoni, waɗanda ake kira kayaye, kalmar da rabinta namu ne. A nan asalin kasuwar Makola take, wadda aka gina a 1924, sojoji kuma suka tarwatsa ta a watan Agusta na 1979 bisa zargin cewa matan kasuwa ne suke ɓoye kaya suna tsawwala farashi. Babban masallacin Juma'a na garin ma a wannan yanki yake, shi ma a zamanin mulkin soja na Rawlings aka kawar da shi, jama'a suka koma unguwar Abossey Okai. Baba ya tsaya tsakanin wasu motoci biyu ya ce, "A nan sahun gaba yake. Kakanka ba ya yarda ya yi salla a baya." Wani yaro mai kula da motoci ya zo yana tambaya ko muna neman wurin ajiye mota ne. Yau Musulmin Accra suna da katafaren masallacin ƙasa a Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, da hasumiyoyi da ƙubbobi irin na Istanbul, kuma na yi Juma'a a cikinsa na yaba. Sai dai babu wani abu a jikinsa da zai gaya wa baƙo cewa an yi shekara ɗari ana kiran salla a tsakiyar garin kafin a aza tubalinsa.

Zongo Lane tana bayan wannan fili da tafiyar 'yan mintuna. Lungu ne matsattse wanda kantunan kayan lantarki da na yadi suka cika, wayoyi sun yi saƙa a sama, janareto yana ruri a ƙofar kusan kowane shago. Nan kusa Cow Lane take, inda aka haifi babban limamin ƙasar, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, a 1919, kuma sunan layin ya isa shaida a kan sana'ar waɗanda suka fara zama a cikinsa. Baba ya yi gaba ina biye, ya wuce wata kwana, ya dawo, ya sake wucewa. Sau biyu yana tsayawa yana ƙirga ƙofofi da yatsa daga wani ƙaramin masallaci da ya ce shi kaɗai ne bai motsa ba. A ƙarshe ya tsaya a gaban wani bene mai hawa huɗu, fuskarsa duk tayil mai ruwan ƙasa da gilashi mai duhu, hawan ƙasa shaguna shida masu ƙofar ƙarfe ta naɗi, sama kuma ma'ajiyar kaya ce har rufi, ana hango kwalaye ta taga. Ya ce, "To, ga gidanmu."

Na fito da hoton na ɗaga shi daidai fuskar ginin, abin da na san ba shi da wani amfani, amma hannuna ya yi da kansa. Wani mai shagon fitilu, Bahaushe ɗan unguwar Nima, ya ba mu benci da ruwan sanyi, kuma a kan wannan benci Baba ya ba ni labarin yadda gidan ya tafi, ba tare da na tambaya ba. Mahaifinsu ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha ɗaya daga mata uku. Gidan bai rabuwa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da yake da kuɗin da zai fanshi rabon sauran. Shekara da shekaru suna zuba 'yan haya, kowane ɗaki iyali guda, kuɗin da ake samu bai isa canza katakon da gara ta ci ba, balle a yi maganar rufi. Masu awon gini na hukuma suka zo suka rubuta da jan fenti a bango cewa ginin yana da haɗari. Ana cikin haka wani ɗan kasuwa ya kawo tayin da ya zama ruwan dare a tsakiyar garin: zai rushe, ya gina shaguna da kuɗinsa, ya ci haya na wasu shekaru da aka rubuta a takarda, ya ba magada wani abu a hannu da kuma shago biyu, bayan wa'adin ginin ya koma nasu. Tun da masu shaguna a Accra sukan biya hayar shekara biyu ko fiye a dunƙule, ko da yake dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa, mai ginin yakan fara mayar da kuɗinsa tun siminti bai bushe ba. "Mutum tara suka sa hannu a rana ɗaya," in ji Baba. "Ni da ƙanwata muka yi wata uku muna ja, har aka daina gaishe mu a wajen biki. Ɗana, ina da 'ya'ya a makaranta a lokacin. Na sa hannu."

Ban ga laifinsa ba, kuma ba na jin wanda ya taɓa kwana a ɗakin da yake yoyo, ya yi layin bayan gida na haya da asuba, zai ga laifinsa. Mu masu zuwa da hoto a aljihu muna son a bar mana tsohon gini yadda yake, mu duba mu koma gidajenmu na siminti, alhali wani ne zai ci gaba da zama a ƙarƙashin katakon da yake shirin faɗowa. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ƙasar tana da hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi, amma ƙarfinta ya fi karkata ga ganuwoyin Turawa da wasu 'yan wurare da aka lissafa, gidan maigidan fatake kuwa, ko na masunci, ko na ɗan kasuwar Saliyo, dukiyar magada ce kawai, kuma babu wani tallafin gyara ko sassaucin haraji da ya isa hannun su Baba wanda zai sa riƙe gidan ya fi sayar da shi riba. Sakamakon haka shi ne abin da zai rage a tsaye daga tsohuwar Accra nan gaba kaɗan zai zama labarin waɗanda suka zo sayen bayi da zinariya, na waɗanda suka zo da goro da shanu da allo kuma sai dai a ji a baki. Gwamnati ma ba ta nuna misali mai kyau ba: a unguwar Ridge an rushe gidajen alƙalai da ofishin fasfo da wasu gine-ginen hukuma domin a gina babbar majami'ar ƙasa, aka kashe kimanin dala miliyan 58, kuma abin da na gani da na leƙa ta shingen wurin rami ne mai faɗi da ƙarafa a tsaitsaye. Ni da na fito daga Kano ba ni da bakin yi wa kowa gori, domin a gabanmu aka ture Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, a gabanmu kuma badala take komawa filoti.

Da za mu tashi, mai shagon fitilun ya ce akwai wani abu a baya da magina suka bari, domin a nan iyakar filin take kuma maƙwabta ba su yarda a taɓa ba. Muka bi wani lungu da bai fi faɗin kafaɗa ba, muna tsallake kwata, har muka fita wani ɗan sarari a bayan ginin. Guntun tsohon bango ne na dutse, tsawonsa bai wuce taku biyar ba, an jingina masa sabon bulo ta kowane gefe. A jikinsa, daidai gwiwa, ga zoben ƙarfe ya yi baƙi, an ɗaura masa igiyar shanya. Baba ya sunkuya da ƙyar ya kama shi ya girgiza, bai motsa ba.

A nan na kira mahaifina ta WhatsApp na juya masa kyamara. Ya yi shiru, sannan ya ce in matsa kusa, sannan ya ce in ba Yaya, wato Baba, wayar, suka yi ta magana da wata irin Hausa da ban taɓa jin ta a bakinsa ba, suna ambaton mutanen da duk sun rasu. Da wayar ta dawo hannuna sai ya tambaye ni rijiyar. Na duba inda Baba ya nuna da sanda, na gaya masa cewa an rufe ta da kankare, janareton ginin ne a kai. Ya ce ruwanta dama yana da gishiri-gishiri, ba a shansa sai wanki, sannan ya ce in tsaya a jikin bangon Yaya ya dafa kaina a ɗauke mu hoto, kuma in tabbata zoben ya fito.